Man Zafin da Na Aika Likoro

Aikina a waɗancan shekarun shi ne in yi rauni, in zauna in ga ya warke. Duk ranar Litinin da safe nakan buɗe akwatin ɗumi na ɗakin bincikenmu a Zariya in ɗauko farantin roba, faɗinsa bai wuce marfin gwangwanin tumatir ba. A ƙasansa ƙwayoyin jikin ɗan Adam ne, irin waɗanda ido ba ya gani, sun hayayyafa sun rufe ko'ina kamar daɓe. Sai in ɗauki tsinken roba in ja layi ɗaya a tsakiya, in kankare hanya. In sa farantin a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, in ɗauki hoto. Da la'asar in sake ɗauka, washegari ma haka. Ƙwayoyin da ke bakin layin za su miƙo gefensu, su kama ƙasan farantin, su jawo jikinsu, na bayansu kuma su yi ta rabuwa biyu-biyu suna cike gurbi. Kafin Laraba hanyar ta toshe, sai ka rantse ba a taɓa yin ta ba.

Goggo, yayar Baba, wadda ta raine ni a Makarfi, ta taɓa tambayata wane irin aiki ne wannan da ya hana ni zuwa biki da suna. Na yi mata bayani. Na ce ina zuba musu ruwan abinci ja-ja, in ya koma rawaya sun cinye ke nan, sai in canza musu. In aka ɗauke wuta suka daɗe a sanyi sai su mutu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Au, kiwo dai kike yi. 'Ya'yan mutane na kiwon awaki su ga amfaninsu da Sallah, ke kina kiwon abin da ko kaza ba ta gani balle ta tsince."

Abin da nake son ganewa shi ne wa ke gaya wa ƙwaya ta tashi ta yi tafiya. A fatar kowace ƙwaya akwai wasu 'yan abubuwa da suka leƙo, rabinsu a waje rabinsu a ciki, aikinsu karɓar saƙo. Risefta muke ce musu a wurin aiki, amma da nake yi wa Goggo bayani kunnuwa na ce. Saƙon yakan zo ta cikin jini ko ruwan jiki, ya ce a girma, ko ya ce a matsa gaba. Sai dai kunne ɗaya, ko ya ji, ba ya iya shigar da maganar ciki shi kaɗai. Sai ya jingina da ɗan'uwansa sun zama biyu, gindinsu da ke cikin ƙwayar ya taɓa juna, sannan maganar ta kama hanya, wannan ya miƙa wa wancan har ta isa tsakiya. Akwai kuma wani iri da aikinsa riƙe ƙasa, su ne tafin ƙafar ƙwayar. In kunnuwa suka ji amma ƙafafu ba su kama komai ba, ba inda za a je. Nawa binciken a kan yadda waɗannan iri biyun ke taruwa a gefe ɗaya ne, gefen da ke kallon raunin, suna ƙara wa juna ƙarfi. In na zuba maganin da ke toshe ɗaya daga cikinsu, layin sai ya kwana uku a buɗe.

Da haka yankan wuƙa a yatsa ke haɗewa. Da haka kuma ciwon daji ke barin inda ya fara ya tafi wani wuri. Ƙwayoyin da nake kiwo na dajin nono ne, an ɗebo asalinsu daga jikin wata mata a wata ƙasa tun kafin a haife ni. Ita ta daɗe da rasuwa, su suna nan suna cin abinci.

Wata Litinin, saura kamar mako biyu a kama azumi, ina cikin jan layi waya ta yi ƙara a aljihun farar rigata. Autarmu ce, daga gida Likoro. Na maƙale wayar a kafaɗa na ci gaba da aikina.

"Yaya, Inna ta ce a gaya wa ta Zariya ƙirjinta na damunta. Ki aiko mata da man zafi."

"Tari take yi?"

"A'a. Ina jin surfe ne. Kin san ta, ba ta yarda a kai inji."

Na ce to. Da aka tashi aiki na biya kemis na sayi man zafi kwalba biyu, na ƙara da ƙwayar ciwon jiki, na kai tasha na ba wani direban motar Hunkuyi, shi kuma zai ba mai babur ya ƙarasa da shi Likoro. Na dawo gida ina jin kaina 'yar kirki, an ce kwalba ɗaya na aika biyu.

Ta Zariya ni ce. Ni 'yar fari ce, kuma Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallon fuskata, ba ta cin abinci a gabana, ba ta yi mini magana kai tsaye. Akwai wata mai sayar da daddawa a Likoro mai irin sunana, shekara talatin Inna tana ce mata mai daddawa. Da aka yaye ni Goggo ta ɗauke ni zuwa Makarfi, a ɗakinta na yi wayo, ita ta sa ni makaranta, ita nake yi wa kuka da tsiwa. In an kai ni Likoro hutu, Inna za ta dubi ƙanwata ko bango ko akuyar da ke wucewa ta ce, "A ce wa 'yar nan ta wanke hannu." Ni kuma in tashi in wanke.

Kada wani ya karanta wannan ya ce an ƙi ni. Ban tashi da haushin komai ba, har taƙama nake yi a makaranta cewa uwata mai kunya ce ta gasken gaske, ba irin na yanzu ba masu goya ɗan fari su shiga kasuwa da shi. Duk kaka sai ta soya gyaɗa ta cika kwano ta ce a kai wa Goggo, alhali duk dangi sun san Goggo ba ta da haƙoran gyaɗa. Na san tawa ce, ita ma ta san na sani.

Tsarin saƙo kuwa ɗaya ne tun ina ƙarama. Inna ta gaya wa Goggo, tunda ita ce uwar riƙona, Goggo ta gaya mini. Da na koma Zariya aka shiga zamanin waya, Goggo ta ce ita abin nan yana sa mata ciwon kai, sai Auta ta shiga tsakani. Maganar Inna ta zama sai ta bi ta bakin mutum biyu kafin ta iso ni. Ban taɓa ganin aibin hakan ba, domin saƙonnin ba su wuce a gaishe ta, a ce ta riƙa cin abinci, a ce an haifi wance.

Na je gida da ƙaramar Sallah. Zafin bazara ake yi irin wanda ko zama a inuwa aiki ne, amma na tarar da Inna a tsakar gida da mayafi a kafaɗar hagu. Na durƙusa daga nesa kaɗan, inda na saba durƙusawa.

"Ina wuni. An yi Sallah lafiya? Ya ƙarfin jikin naku?"

Ta dubi Auta. "Ce mata da sauƙi. Ana shafawa."

Da ta tashi sauke tukunya, da hannu ɗaya ta kama, ɗayan ta manne shi a jikinta, sai da Auta ta zo ta kama mata. Na gani. Wannan ne abin da na daɗe ban gaya wa kowa ba. Na ga mayafin, na ga hannun, na ce a raina sanyin ƙashi ne, shekaru sun fara ja. In zan wuce nan sai in ce, "Inna, ku buɗe in gani," kuma wannan magana ba ta taɓa zama a bakina ba, ban san ta inda ake fara ta ba. Na ci tuwon Sallah a ɗakin Auta, na kwana ɗaya, na koma saboda ruwan ƙwayoyina ya kusa komawa rawaya. Da babbar Sallah ban je ba sam. Janaretan ɗakin bincike ya lalace a makon, ina ta jigilar faranti zuwa wani gini kamar mai kwashe jarirai daga gobara.

Sai da kaka Auta ta sake kira a kan maganar.

"Yaya, abin ya fashe."

"Wane abu?"

Ta ce a hankali, "Nonon Inna."

Ina tsaye da faranti shida a gabana. Sai da na gama canza musu ruwa, ɗaya bayan ɗaya, ban zubar da ko ɗigo ba. Na rubuta ranar a kan marfi, na mayar da su akwatin ɗumi, na goge teburin. Sannan na cire safar hannu na tafi tasha.

Na isa Likoro da azahar. An baza masara a tsakar gida tana shan rana, sai da na bi ta gefe. Tun daga ƙofar ɗakin Inna na ji turaren wuta, da wani wari a ƙarƙashinsa wanda turaren bai iya rufewa ba. Na yi sallama. Daga ciki na ji ta ce wa Auta, "Ce mata kada ta shigo."

Na tsaya. Shekarata talatin da ɗaya, ina da takardun karatu cike da jaka, na tsaya a bakin labule. Daga baya dabara ta zo mini, na miƙa wa Auta wayata na ce ta ɗauko mini hoto. Sun ɗan yi ja-in-ja a ciki, Auta na magiya, sannan ta fito ta miƙo mini tana kau da kai. A haka na fara ganin nonon da na sha, a fuskar waya, taku uku daga inda mai shi take zaune.

Ya kumbura ya yi biyun ɗayan. Fatar ta yi ramuka ƙanana kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki, a gefe kuma rauni ne buɗaɗɗe mai faɗin bakin ludayi. Gefen raunin yana sheƙi. Na sa yatsa biyu na buɗa hoton yadda nake buɗa na wurin aiki, na gane sheƙin man zafi ne. Kaina ya fara aunawa da kansa, tsawo kaza, faɗi kaza. Ban yi kuka ba. Na tsaya ina jiran in ji wani abu, yadda mutum ke jiran zafi bayan ya yi tuntuɓe, bai zo ba. Kaji suna ta satar masara, na kore su.

Goggo ta iso da yamma a kan babur. Da ta ji na ce gobe asibiti, ta ce, "Ke, wannan daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe. Suna soka masa allura zai watsu." Ban taɓa ɗaga wa Goggo murya a gaban mutane ba sai ranar. Na ce mata ya riga ya watsu, shekara nawa ina kallon abin nan da idona, ba allura ke watsa shi ba, da ƙafarsa yake tafiya. Baba yana zaune a bakin zaure yana ji, shi ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, "Ki kai ta." Maganar ta ƙare a nan.

Likitar da ta gan mu a Zariya matashiya ce 'yar kudu, Hausarta ba ta wuce sannu da ina ciwo ba. Ta duba Inna a bayan labule, Auta na riƙe da mayafin, ni ina waje. Da suka fito aka zauna za a yi tambayoyi, sai aka nemi nas ɗin da ke yin tafinta aka rasa, ta tafi wani ɗaki. Turancin Auta bai kai ba. Likitar ta dube ni ta ce in taimaka.

Na matsa kujerata kusa da ta Inna. Ban taɓa zama kusa da ita haka ba. Ta kafa wa likitar ido, ta bar ni a gefe kamar rediyo.

"Ana tambaya, yaushe kuka fara jin sa?"

"Tun kafin azumi," in ji Inna. "Ina wanka na ji shi. Kamar ƙwayar gurjiya. Ba ya ciwo, in an taɓa yana motsi."

Na juya shi zuwa Turanci. Likitar ta rubuta, ta ce in tambaye ta me ya hana ta zuwa tun lokacin.

"Ai na aika an tambaya," in ji Inna. "Akwai yarinya a nan Zariya, an ce aikinta ke nan, ta san irin waɗannan abubuwan. Na ce a gaya mata ga abin da na ji a wuri kaza. Sai ta aiko da man shafawa, har kwalba biyu. Na ce to alhamdu lillahi, tunda wadda ta sani ta ce mai, ashe ba wani abu ba ne."

Babu zargi a muryarta ko kaɗan. In ma akwai wani abu, to 'yar taƙama ce, irin ta uwa da ta sami hanyar yabon 'yarta a gaban baƙuwa ba tare da ta karya kunya ba. Na fassara. Ban rage komai ba, har kwalba biyun na faɗa. Mai tafinta da bakin mai magana yake magana, don haka ni ce na ce, da Turanci, na aika an tambayi wadda ta sani.

Likitar ta yi tsaki ta girgiza kai. Ta ce irin waɗannan masu rabin ilimin su ke kashe musu mutane. Ta ce wace ce yarinyar, a wane kemis take?

Na ce, "Ni ce."

Biron ya tsaya a hannunta. Inna ta dubi Auta ta ce, "Me ta ce?" Na ce, "Ta ce za a ɗebi ɗan nama a auna."

A benci a waje, muna jiran a gama ɗiban, na bi saƙon baya-baya. Goggo, wadda ta rako mu, ba ta yi musu ba. Ta ce, "Ta gaya mini. Ranar sunan nan da muka haɗu a Hunkuyi ta ja ni gefe ta ce ƙullutu ne a nono, a tambayi 'yar nan. To ni zan dubi 'yar cikinta in ce mata nonon uwarki? Da wane bakin? Na ce ƙirji. Ai ke mai ilimi ce, na ɗauka za ki gane." Auta ta ce ita kuma da ta ji ƙirji, ga shi ta ga Inna na surfe kullum, ita ta ƙara maganar man zafi daga kanta don ta sauƙaƙa mini. Ba wadda ta yi ƙarya. Na so ƙwarai in sami wadda zan ji haushi, na duba dama na duba hagu, mu uku ne a kan bencin, kowa ta sa nata hannun. Na tashi na sayo musu ruwan leda.

Bayan kwana goma sakamakon ya fito. Wanda ya rina naman don a iya ganinsa a madubi abokin karatuna ne, sai ya kira ni ya ce in ina so in zo in gani. Na je. Na sa ido a madubin, na juya har hoton ya daidaita. Kowace ƙwaya an zagaye ta da zobe mai ruwan ƙasa, cikakke, ba inda ya yanke. Rinin yana kama wani irin kunne ne da na fi sani fiye da kowane. Shi wannan ba shi da saƙon kansa da yake jira, kullum a shirye yake ya jingina da wani. A ƙwaya mai lafiya kaɗan ne, sai maƙwabcinsa ya ji saƙo sannan ya taya shi. A ƙwayoyin Inna sun yi yawa har suna gogar juna, suna haɗuwa biyu-biyu ba tare da kowa ya aiko da komai ba, suna ta shigar da umarni ciki dare da rana, a girma, a rabu, a matsa gaba.

Na ji bakina ya ce, "Kai, ya fito da kyau." Shekara biyu ina neman rini ya fito mini haka a nawa aikin bai fito ba. Abokin nawa ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya shiga gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Hoton ciki ya nuna ya isa hanta, ya isa ƙashin baya. Ba sai an yi mini bayanin yadda ya je ba. Na san yadda ƙwaya ke sakin maƙwabtanta, ta tara kunnuwa da ƙafafu a gefe ɗaya, ta kama, ta ja, ta huda ta shiga jijiya. Na zana wannan da kibiyoyi masu launi na nuna wa malamai sun tafa mini. Na kuma san abin da ake iya yi wa ƙullutu mai girman gurjiya wanda ke motsi in an taɓa. Wata takwas ne tsakanin gurjiyar da bakin ludayin. Likitar ba ta ƙara tayar da maganar ba, in mun haɗu sai ta gaishe ni da ladabin da ya wuce kima.

Akwai magani da ke toshe wannan kunnen, ana sa shi ta ƙarin ruwa tare da sauran magungunan daji. Yadda muka yi muka same shi labari ne daban. An yi mata, gashinta ya zube a ƙarƙashin ɗankwali ba wanda ya gani sai Auta, raunin ya bushe ya fara haɗewa daga gefe kamar yadda nawa ke yi a faranti. Goggo ta gani ta ce ashe dai ƙarfen nasu ya san abin da yake yi. Muka yi 'yan watanni a haka. Bayan azumin da ya biyo sai ciwon baya ya hana ta zama, ido ya fara rawaya, aka ce mu koma gida da maganin rage ciwo. Na ɗauki hutu a wurin aiki. Ƙwayoyina na zuba su a ƙananan kwalabe na daskarar, su ana iya tsayar da su a ci gaba daga baya.

A Likoro ma tsarin bai canza ba. Ni ke auna magani a bakin ƙofa, Auta ke shiga da shi. Ni ke cewa a juya ta, Auta da Goggo ke juyawa. Da ƙarfi ya ƙare mata sai ta daina cewa kada in shigo, nakan zauna a kan 'yar kujera daga wajen ƙafafunta, ita fuskarta na bango. Mutane suna zuwa dubiya suna cewa in yi haƙuri, ina cewa na gode. Ina cin abinci, ina salla, ina wanki. Duk abin da ake yi ina yi, amma kamar an aiko ni ne in yi wa wata.

Ruwan shuka ya sauka a wani daren Lahadi, da safe duk gidan aka watse gona. Auta ta dafa abinci ta tafi kai musu wajen azahar, Goggo ta je gidan maƙwabta gaisuwa. Ya rage ni da Inna. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa ta taga. A kan tagar ne na ga kwalaben nan biyu. Ɗaya ta ƙare an wanke ta an zuba allura da zare a ciki, ɗayar da saura kaɗan a gindi.

Inna ta yi motsi ta yi nishi. Ta ce wa bangon, "A ce wa 'yar nan, bayan nan nawa."

Na dubi ƙofa, ba kowa. Na tashi na ɗauko kwalbar, na lakato abin da ya rage, na ɗaga rigarta daga baya. Na bi ƙashin bayan ɗaya bayan ɗaya, ina jin kowanne a ƙarƙashin yatsana, har na gane waɗanda na gani a hoto. Jikinta da ɗumi. Tun da na yi wayo ban taɓa taɓa ta ba sai ranar. Ba ta janye ba, ba ta kuma juyo ba.

Na daɗe ina shafawa. Har na ɗauka ta yi barci, sai ta yi magana, a hankali, tana hutawa a tsakani.

"An gaya mini saƙon bai isa yadda na ba da shi ba." Ta ja numfashi. "A gaya wa ta Zariya kada ta sa abin a ranta. Man ya yi amfani. Shi ke sa ni barci."

Na sake duban ƙofa. Babu Goggo, babu Auta, ko akuya babu. Yatsuna suna kan bayanta, warin man ya cika ɗakin.

Na ce, "Za a gaya mata."

Ta ce, "Madalla."

Kwana tara bayan nan ta rasu, ranar Laraba da hantsi, masara ta fara tsirowa. Bayan sadakar arba'in na koma Zariya. Na narkar da ƙwayoyin, suka farfaɗo, cikin mako guda suka rufe farantin. Ranar Litinin na ja layi na ɗauki hoto. Kwalbar da ke da allura da zare tana cikin durowar teburina, nakan buɗe in maɓallin farar rigata ya cire. Saƙon kuma yana nan wurina yadda ta ba ni shi, ban rage komai ba. Har yau ban isar ba.